Washi a Bilbis

Shekara goma sha ɗaya na yi a Abijan,
ina tallar agogo a bakin titi.
Na dawo Tawa na tarar da zabirar Baba
rataye a ƙusa, fatarta ta bushe,
hannunsa na dama yana rawa
kamar ɗan tsakon da ruwa ya daka.
Askake uku a ciki, tsatsa ta ci biyu,
dutse kuma ya manta da washi.

Na ce, "Baba, akwai kwafer a bakin kasuwa."
Ya ce, "Ni Arzika, da na aske rabin Bilbis,
in zauna gaban yaro mai inji?
In wuta ta ɗauke fa, in fito da rabin kai?
Ɗebo ruwa, Nomau, bar ba ni haushi."

Dutsen baƙi ne, bai fi tafin hannu ba,
tsakiyarsa ta lotsa kamar bakin rijiya inda igiya ke bi.
Kakana ya kawo shi daga wajen Keita bisa jaki.
Na jiƙa shi, na ɗora aska.
"Kwantar da ita. Baya da baki duk su taɓa.
Kada ka danna, nauyinta ya ishe ta,
ba gatari ba ce, ba ka saran ƙashi."

Yana ta rufe masa ido,
da kunne yake duba aikina.
"Tana kuka, ka matsa mata.
Juya ta bisa bayanta, ba bisa baki ba.
Ka tsallake kan, koma."
Kabu-kabu ya wuce, wani ya wuce,
Cima ta gama daka, ta kwashe,
inuwar bedi ta bar mu, muka bi ta da tabarma.
Ruwan dutsen ya koma toka-toka,
kartar ta ragu, ta ragu,
har ta zama kamar mai barci yana numfashi.

Na gwada a damtsena, gashi ya zube.
Na yi dariya, na ce ta yi!
Ya karɓa, ya ja ta bisa farcen babban yatsa,
ya daɗe bai ce komai ba.
"Ta yi kaifi.
Wuƙar Bizo mahauci ma da kaifi,
wa ka ga ya miƙa masa haɓa?
Kaifi daban ne, ɗana, da laushi."

Sai fata. Tsohuwar fatar akuya,
ta sha man shanu har ta yi baƙi.
Nan baya ke gaba, baki na biye,
kamar mai fita daga ɗakin surukai.
Na ƙirga sittin, na ɓace, na sake.
Ya ce in gama a tafin hannuna,
in saba mata da jikin mutum
kafin ta je ga gashi.

Safiyar Juma'a na dafa ruwa,
na murza sabulun salo har ya yi kumfa.
Na riƙe kan da ya taɓa riƙe nawa ranar suna.
Ban san ya yi ƙanƙanta haka ba.
Jan farko, shiru.
Na bi ta kan tsagar da kakana ya yi masa,
na miƙe fatar wuya da yatsa biyu,
na zo gaban goshi, inda ake cewa ya fi zafi,
sai na ji kan ya yi nauyi a gwiwata.
Baba ya yi barci.
Ƙarƙashin aska, a hannuna, har da ɗan nishi.

Bayan kunnen hagu na ɗan yanke shi.
Ɗigo guda. Na shafa toka, ban faɗa ba.

Da ya farka ya shafa kai, ya shafa haɓa,
yatsansa ya tsaya bayan kunne, ya wuce.
Ya lalubi aljihu, ya fiddo dala ashirin.
Na ce, "Haba, Baba."
Ya ce, "Karɓi. Wanke dutsen, shanya shi a inuwa.
Gidan nan ba a aski bashi."